Rumbun Gayya: Sharhi Kan Taskokin Ilimin Lafiya da Masana Ke Tarawa a Buɗe

Ranar 11 ga Janairun 2020, wani masanin ƙwayoyin cuta da ke Ostareliya, Edward Holmes, ya saki wani dogon rubutu a intanet da yawun abokin aikinsa Zhang Yongzhen na birnin Shanghai. Ga wanda ba ɗan hannu ba, rubutun ba ya cewa komai: haruffa huɗu ne kacal, A da C da G da T, suna ta juyawa har kusan guda 30,000. Amma shi ne cikakken kundin gadon ƙwayar cutar da duniya ta sani daga baya da sunan korona. Kwana biyu bayan haka, masanan kamfanin Moderna da na hukumar binciken lafiya ta Amurka suka kammala tsara rigakafinsu daga wannan rubutu, ba tare da an kawo musu ƙwayar kanta ba. A farkon Maris kuma, kwanaki kaɗan bayan an samu mutum na farko da ya kamu a Legas, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke garin Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta kundin ƙwayar da aka samu a jikinsa, ta baza shi ga kowa. Shi ne kundi na farko daga nahiyar Afirka.

Wannan sauri ba daga sama ya faɗo ba. Ya samo asali ne daga wata al'ada da masu binciken lafiya suka shafe sama da shekara 50 suna raino: duk wanda ya gano wani abu game da ƙwayar gado ko furotin ko cuta, sai ya kai shi rumbu na kowa da kowa, wani ya zo ya ɗiba. Jama'a ba su cika jin sunayen waɗannan rumbuna ba, idan ma sun ji, fahimta takan rabu gida uku. Wasu na ganin abin da hannu da yawa ya rubuta ba abin dogaro ba ne a sha'anin rai. Wasu na ɗauka tunda kyauta ake ɗiba, babu mai kashe ko kwabo. Wasu kuma, musamman a Afirka, na zargin sabuwar hanya ce ta kwashe jinin talaka a kai waje a yi kuɗi da shi. Kowane ɓangare yana da ɗan abin da ya riƙa, sai dai babu wanda ya kama maganar gaba ɗayanta.

Ma'anar kalmomi tukuna

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da umarnin ginin jikinta a rubuce cikin wani sinadari da ake kira DNA. Dukkan rubutun da ke jikin halitta ɗaya shi ne kundin gado, wanda masana ke ce wa jinom, kuma na ɗan Adam ya kai haruffa kimanin biliyan 3. Ƙwayar gado yanki ce ta wannan kundi, kamar babi a cikin littafi, galibi kuma umarnin haɗa furotin take ɗauke da shi. Furotin su ne ma'aikatan jiki: wani yana narkar da abinci, wani yana yaƙar cuta, wani kamar himogilobin yana dakon iskar oksijin a cikin jini.

Akwai bambanci tsakanin rumbun bayanai da rumbun ilimi, kuma a nan ruɗanin yakan fara. Rumbun bayanai yana karɓar sakamakon gwaji yadda ya fito daga na'ura, tamkar damin gero da aka kawo daga gona da ƙurarsa da ƙaiƙayinsa. Rumbun ilimi kuwa tsaba ake zubawa a ciki. Wani ya zauna ya karanta rahotannin bincike, ya fitar da magana takamaimiya, misali cewa sauyi kaza a ƙwayar gado kaza yana jawo cuta kaza, sannan ya liƙa mata hujjarta. Mai wannan aiki shi ne mai tacewa, kuma sana'a ce mai zaman kanta, da ƙungiyarta ta duniya tun 2009.

Kalmar "buɗaɗɗe" ma ƙofa uku gare ta: ta karantawa, ta kwafa a sake amfani, da ta gyarawa ko ƙarawa. Rumbu na iya buɗe ta farko ya rufe sauran biyun. Takardar da ke fayyace wannan ita ce lasisi, kuma mafi saki a cikinsu shi ne wanda ake kira CC0, inda mai abu ke yafe haƙƙinsa kacokan, kamar wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya yi waƙafinta.

Harafi ɗaya, rumbuna biyar

Misali mafi kusa da gida shi ne sikila, wato amosanin jini, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a ƙasar duk shekara. Tushenta harafi ɗaya ne. A cikin ƙwayar gado mai suna HBB, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Wannan ya sa a gurbi na shida na sarƙar furotin ɗin, wani tubali mai suna balin ya zauna a mazaunin gulutamik. Da zarar oksijin ya yi ƙasa, sai himogilobin ya riƙa mannewa da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Ɗalibar da ke Kano ko Damagaram, idan tana son bin diddigin wannan harafi, ba ta buƙatar biza. A rumbun dbSNP sauyin yana da lambarsa, rs334, kuma a nan za ta ga yawansa a tsakanin al'ummomi daban-daban. A UniProt, ƙarƙashin P68871, za ta tarar da furotin ɗin tubali bayan tubali. A PDB, lamba 2HBS za ta fito mata da siffarsa, ta yi ta juya shi a allon kwamfuta tana kallon inda yake mannewa. OMIM, a lamba 603903, yana ɗauke da bayanin cutar da yadda ake gadonta, ClinVar kuma yana da hukuncin da ɗakunan gwaji suka yanke a kan sauyin. Kowane shafi yana miƙa ta ga ɗan'uwansa.

Lambobin nan su ne ginshiƙin abin. Likitan Yamai da ya yi karatu da Faransanci yana kiran cutar da wani suna, na Abuja da wani, tsohuwa a ƙauye da wani, amma rs334 ɗaya ce a ko'ina. Su kansu masanan ma ba su tsira daga saɓanin suna ba: a sabon lissafi gurbi na bakwai ake cewa, ba na shida ba, domin ana ƙirgawa har da wani tubalin farko da jiki ke yankewa ya yar. Mutum zai gane abu ɗaya ake nufi. Na'ura kuwa, idan babu wanda ya daidaita mata, sai ta lissafa su cuta biyu.

Yadda aka faro

A 1965 wata masaniya Ba'amurkiya, Margaret Dayhoff, ta tattara jerin tubalan furotin da aka sani a lokacin ta buga su a littafi ɗaya. Guda 65 ne duka. A 1971 aka buɗe PDB a cibiyar Brookhaven ta Amurka da siffofi 7. A farkon 2023 ya haura 200,000. Rumbunan kundin gado suka biyo baya: na Turai a birnin Heidelberg na Jamus a 1980, GenBank a Amurka a 1982, sai na Japan. Ukun suna musayar abin da suka karɓa kowace rana, don haka wanda ya zuba a ɗaya ya zuba a duka. Abin da ya cika su kuwa ba kirkin masana kaɗai ba ne: mujallun kimiyya ne suka kafa sharaɗi cewa ba za su buga rahoto ba sai an nuna lambar ajiya.

Babban gwaji ya zo ne lokacin karanta kundin gadon ɗan Adam. A Fabrairun 1996, jagororin aikin suka hallara a tsibirin Bamuda suka yi alkawarin sakin duk abin da suka karanta cikin awa 24. Da kamfanin Celera na Craig Venter ya shigo fagen a 1998 da niyyar sayar da damar shiga nasa rumbun, wannan alkawari ne ya sa kundin ya zama na kowa. A shekarar dai, masu binciken ƙuda da yis da ɓera suka lura cewa aiki ɗaya a jikin halitta kowannensu suna daban yake ba shi, sai suka haɗu suka fara wani ƙamus na bai ɗaya mai suna Gene Ontology.

Daga nan ruwa ya fi ƙarfin gari. PubMed, ma'ajiyar rahotannin binciken lafiya, tana samun ƙarin sama da miliyan ɗaya duk shekara. Babu wata tawagar masu tacewa da za ta iya karance su. Wannan ne ya haifar da tunanin a kira gayya.

Wa ke zubawa, wa ke sheƙewa

A 2008 Andrew Su da abokan aikinsa a Kalifoniya suka fito da Gene Wiki. Sun sa wata manhaja ta buɗe dubban gajerun shafuka a Wikipedia, kowane ɗaya na ƙwayar gado guda, da zummar cewa wanda ya tarar da gini an fara zai fi saurin ɗora bulo fiye da wanda ya tarar da fili. A shekarar ne kuma masana daga cibiyar Gladstone ta San Francisco da Jami'ar Maastricht ta Holan suka gabatar da WikiPathways, inda ake zana taswirar yadda furotin ke miƙa wa juna aiki a cikin jiki. Mujallar RNA Biology ma ta buɗe wani sashe da sai marubuci ya haɗo rahotonsa da shafin Wikipedia kafin a karɓa.

Bayan an buɗe Wikidata a 2012, masu Gene Wiki suka kwashe kayansu zuwa can. Wikidata ba dogon bayani take ajiyewa ba, ƙananan jimloli ne da na'ura ke iya karantawa: abu kaza yana jawo abu kaza, magani kaza yana maganin cuta kaza. Zazzaɓin cizon sauro, alal misali, lambarsa Q12156, kuma ana iya rataya masa suna da kowane harshe, har da Hausa.

A inda maganar ta shafi jinyar marar lafiya kai tsaye, ƙofar ta fi ƙunci. CIViC, wanda 'yan'uwa biyu Malachi da Obi Griffith suka jagoranta a Jami'ar Washington da ke St. Louis, yana tara bayanin sauye-sauyen da ake samu a ciwon daji da magungunan da ke aiki a kansu. Kowa na iya yin rajista ya kawo bayani, amma dole ya nuna rahoton da ya ciro shi, kuma ba zai hau matsayin karɓaɓɓe ba sai wani edita daban ya duba ya amince. Ba a yarda mutum ya karɓi abin da shi ya kawo ba. ClinVar, wanda gwamnatin Amurka ta buɗe wa jama'a a 2013, taurari yake bayarwa: babu tauraro ga hukuncin da aka kawo ba tare da bayyana ma'auni ba, ɗaya ga wanda ɗakin gwaji guda ya kawo da ma'auninsa, biyu idan ɗakuna da dama sun yi ittifaƙi, uku idan kwamitin ƙwararru ya tantance, huɗu idan ya shiga ƙa'idar aikin likita. Idan ɗakuna biyu suka saɓa, ba a ɓoyewa, a fili ake rubuta cewa akwai saɓani.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ga tsarin ba baƙo ba ne. Ba a tsayawa ga matanin magana kawai, sai an tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya amincinsa. Amsar zargi na farko ke nan. Rumbun gayya mai kyau ba ya cewa a yarda da shi, hujja yake miƙawa a duba.

Labarin kamfanin Myriad ya nuna abin da ke faruwa idan aka kulle. Kamfanin ya daɗe yana riƙe da haƙƙin mallakar ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2, masu alaƙa da ciwon dajin nono, kuma ya daina raba bayanan da yake tarawa daga gwajin mata. A Yunin 2013 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a mallakar ƙwayar gado da ke jikin mutum bisa halitta. Hukuncin ya buɗe kasuwar gwaji, amma bai buɗe rumbun kamfanin ba. Sai da likitoci suka riƙa tattaro sakamakon majinyatansu ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a ClinVar.

Saɓanin masana

Ba kowa ne ya gamsu da gayyar ba. Peter Karp, wanda ya daɗe yana kula da rumbun EcoCyc, ya yi rubuce-rubuce a 2016 yana cewa masu zuwa aikin sa kai ba su da yawa, kuma abin da suka kawo sai ƙwararre ya sake bi ta kai. Dalilin a fili yake: jami'a ba ta ƙara wa malami girma don ya gyara shafi a rumbu, rahoton da ya buga take ƙirgawa. Masu ɗaya ra'ayin suna kafa hujja da PomBase na Jami'ar Cambridge, wanda ke aika wa marubuci saƙo kai tsaye da zarar rahotonsa ya fito, ya roƙe shi ya shigar da abin da ya gano da hannunsa. A can kusan rabin waɗanda ake gayyata suna amsawa. Abin lura shi ne ko a PomBase ɗin, ma'aikaci mai albashi ne ke duba aikin daga ƙarshe.

Mafi yawan kurakurai ma ba daga 'yan sa kai suke fitowa ba, daga na'ura ne. A UniProt akwai sashe biyu: Swiss-Prot, wanda mutane suka tace da hannu, mai shafuka kimanin 570,000 a 2023, da TrEMBL, wanda manhaja ke cikawa ta hanyar kamanta sabon furotin da wanda aka sani, mai shafuka sama da miliyan 200 a lokacin. Wani bincike na 2009 da Alexandra Schnoes da abokanta suka yi a kan dangogin furotin 37 ya gano cewa a 10 daga ciki, kuskuren bayanin aiki ya haura kashi 80 cikin ɗari a wasu rumbunan da na'ura ke cikawa, alhali a Swiss-Prot kusan babu. Wake ɗaya ke ɓata gari: da an yi wa furotin ɗaya laƙabin kuskure, duk mai kama da shi da ya biyo baya sai ya gaje shi.

Akwai ma wanda zai ba mutum dariya in ba don girman ɓarnarsa ba. Manhajar lissafi ta Excel, idan ta ga sunan ƙwayar gado SEPT2 ko MARCH1, sai ta ɗauka kwanan wata ne ta mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris. Wani nazari na 2016 ya tarar da irin wannan a kusan kashi ɗaya cikin biyar na rahotannin da suka haɗo jerin ƙwayoyin gado a Excel. A ƙarshe kwamitin raɗa wa ƙwayoyin gado suna ne ya haƙura, a 2020 ya sanar da sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Kyauta ga mai ɗiba, ba ga mai gini ba

A lissafin Karp, tace rahoto ɗaya a EcoCyc yana cin kimanin dala 219, abin da bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da aka kashe wajen yin binciken ba. Duk da arhar, kuɗin nan shi ya fi wuyar samu, domin masu ba da tallafi sun fi son sabon abu a kan riƙon tsoho. Swiss-Prot, wanda Amos Bairoch ya kafa a Janiba a 1986, ya kusa rufewa a 1996 sai da masana daga ko'ina suka yi ca da wasiƙu. KEGG na Japan ya fara karɓar kuɗi a 2011 daga masu son kwafar rumbun gaba ɗaya. TAIR, na masu binciken tsirrai, ya koma na biyan kuɗin rajista bayan tallafinsa ya ƙare a 2013.

Wanda ya fi shafar yankin nan shi ne PlasmoDB, rumbun da masu binciken ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke buɗewa kusan kullum, wanda ke ƙarƙashin inuwar VEuPathDB. A Satumban 2024 kwangilar da hukumar binciken lafiya ta Amurka ke biyansa da ita ta ƙare, daga baya masu kula da shi suka koma neman ɗakunan bincike su riƙa biyan kuɗin shekara. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin a duniya, amma makomar rumbun a wani ofis da ke wata nahiya aka yanke ta. Wannan raunin ne ya sa masu ba da tallafi suka haɗu a ƙawancen Global Biodata Coalition, wanda a ƙarshen 2022 ya fitar da jerin rumbuna 37 da ya ce duniya ba za ta iya rasa su ba.

Lasisi ma yakan zama guga mai hana ruwan da rijiya ta bayar. Lokacin da Daniel Himmelstein ke haɗa Hetionet daga rumbuna 29 don neman tsofaffin magunguna da za su yi wa wasu cututtuka aiki, ya tarar wasu ba su da lasisi kwata-kwata, wasu sun hana sake rabawa, duk da cewa da kuɗin jama'a aka gina akasarinsu.

Hatsin wa ke ciki, kuma wa ke ci

Zargi na uku shi ya fi nauyi, kuma a ƙasar Hausa yana da tarihi. A shekarar da aka yi alkawarin Bamuda, a ita ce aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, abin da ya jawo shari'ar da ba a sasanta ba sai 2009. Gwajin magani daban, rumbun ilimi daban, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai alƙaluma na nuna matsalar ta fi karkata ga ƙarancin Afirka a cikin rumbun. Wani nazari na Alice Popejoy da Stephanie Fullerton a 2016 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kashi 3. A cikin al'ummomi 26 na shahararren aikin 1000 Genomes akwai Yarabawan Ibadan da Esan daga Najeriya, amma babu Hausawa, babu Barebari, babu Fulani. Illar wannan ta riga ta bayyana. A 2016 ɗin, Arjun Manrai da abokansa suka nuna cewa wasu sauye-sauyen da aka rubuta a matsayin masu jawo ciwon kaurin naman zuciya ashe ba su da wata illa, sun dai yawaita ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. An gaya wa mutane suna cikin haɗari alhali babu, don kawai waɗanda aka kwatanta da su tun farko kusan duk farare ne.

Shirin H3Africa, wanda aka sanar a 2010, ya taso ne don cike wannan giɓi da hannun masanan nahiyar. Rahotonsa na 2020 a mujallar Nature, a kan mutum 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, ya fito da sauye-sauye sama da miliyan 3 da babu su a kowane rumbu. Masanan sikila na nahiyar kuma, ciki har da tawagar Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da takwarorinsu na Gana da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sun yi aiki tare a kan rajistar majinyata da ƙamus na bai ɗaya na cutar, don abin da asibitin Kumasi ya rubuta ya yi daidai da na Darussalam.

Bayanin jikin mutum ba a barinsa a sake kamar na ƙuda. A 2013 tawagar Yaniv Erlich ta gano sunayen mutum kusan 50 da aka ɓoye, ta hanyar haɗa kundin gadonsu da shafukan tarihin zuri'a. Don haka irin wannan bayani a rumbu mai ƙofa ake ajiye shi, sai kwamiti ya duba mai nema da abin da zai yi. H3Africa ya ƙara da ba masanan da suka tara bayanin wa'adin fara buga nasu sakamakon kafin na waje.

A fagen ƙwayoyin cuta ne rigimar ta fi zafi. A 2007 Indonisiya, ta bakin ministar lafiyarta Siti Fadilah Supari, ta ƙi ci gaba da ba da samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana yin rigakafi da kayanta a sayar mata da tsada. Daga wannan yanayi rumbun GISAID ya fito a 2008: sai an yi rajista, an yi alkawarin ambaton wanda ya kawo bayanin, kuma ba a sake rabawa. A farkon 2021 ɗaruruwan masana, akasarinsu daga Turai da Amurka, suka sa hannu a wasiƙar neman a riƙa zuba kundin korona a rumbunan da babu sharaɗi. Da yawa daga masanan ƙasashe masu tasowa suka ce sharaɗin ne kaɗai garkuwarsu. Ba a yi nisa ba, a Nuwamban 2021, Sikhulile Moyo a Botswana da Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in Omicron cikin gaggawa, ladan da suka samu shi ne rufe wa ƙasashensu hanyar jirgi. Birtaniya ta saka Najeriya ma a jerin a watan Disamba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ake hange

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wa rumbunan daraja, sun kuma ƙara musu haɗari. AlphaFold na kamfanin DeepMind ya koyi hasashen siffar furotin ne daga siffofi kimanin 170,000 da masana suka shafe shekara 50 suna zubawa a PDB. Zuwa Yulin 2022 ya fitar da hasashe sama da miliyan 200, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. Irin waɗannan manhajoji za su rage wa masu tacewa wahalar karatu. Amma suna iya ƙago magana da hujjar da babu ita, kuma idan hasashe ya shiga rumbu ba tare da alama ba, na'urar gaba za ta karance shi a matsayin gaskiya. Shi ya sa aka ajiye hasashen AlphaFold a rumbu daban, kowane yanki da makin da ke nuna gwargwadon ƙarfinsa.

Maganar rabon riba kuwa ta koma teburin gwamnatoci. A taron birnin Cali na Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusu da ake sa ran manyan kamfanonin da ke cin gajiyar kundin gadon tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu za su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na ribarsu, ko kashi 0.1 na cinikinsu, a ba al'ummomin asali aƙalla rabi. Ba a ɗaure kamfanonin da doka ba. A Mayun 2025 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar tinkarar annoba, amma suka jingine sa hannu har sai an kammala wani rataye guda: wanda zai fayyace yadda za a riƙa raba ƙwayoyin cuta da kundin gadonsu, da kason rigakafi da magani da ƙasashen da suka bayar za su samu.